Jan farcen jel: wanne ya kamata mai shago ta zuba kuɗinta a kai?

Tun da na ƙara gyaran farce a kan kitso da ƙunshin da nake yi a shagona a Agege, 'yan uwa mata ke turo mini tambaya ɗaya, daga Sabon Ibadan har Ama Hausa ta Owerri: “Hajiya, wane jel zan saya?” Amsar ba ta layi ɗaya ba ce, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Da farko, jel ba jan farcen da muka sani ba ne, wanda iska ke busarwa. Shi sai an sa hannu a cikin fitila ta musamman haskenta ya daskarar da shi, sannan ya yi mako biyu zuwa uku bai ɓare ba. Ya bazu a duniya ne wajen 2010, lokacin da kamfanin CND na Amurka ya fito da Shellac, su Gelish da OPI ma suka shigo da nasu. Yau idan kika shiga Balogun ko kasuwar Trade Fair, sunayen da za ki gani ba sa ƙirguwa, yawancinsu daga Chaina.

Abin da ake kira jel iri-iri ne. Akwai mai laushi, wanda ake shafawa hawa uku: na ƙasa, mai launi, sai na sama mai sheƙi. Idan za a cire, auduga za ki jiƙa da asiton ki naɗe yatsun na minti 10 zuwa 15, ya saki da kansa. Akwai na kwalba ɗaya da ake cewa ya haɗa ukun. Yana da sauri, amma ni dai a hannuna bai taɓa kai na hawa uku daɗewa ba. Sai mai tauri, na gina farce da ƙara masa tsawo. Wannan asiton ba ya cin sa, sai an goge shi da abin gurza, kuma a nan ne yarinyar da ba ta ƙware ba ke cinye farcen mutane har ya koma kamar takarda. Polygel yana tsakanin jel da akrilik, shi ma sai da fitila. Garin tsomawa kuwa, wanda ake shafa gam a tsoma yatsa, ba jel ba ne ko da ana jera su tare. Ba ruwansa da wuta, sai dai kada ki bari yatsun mutum goma su shiga gwangwani ɗaya. Ɗebi kaɗan ki zuba wa kowacce nata, ragowar ki zubar.

To, kafin ki zaɓa, dubi su wa ke shigo miki. Mu a nan kudu kwastomominmu kashi biyu ne. Maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo da ma'aikatan ofis suna son abin da zai kai mako uku, wasu har da tsawo da duwatsu. Matanmu kuwa akwai maganar alwala. Jel rufe farce yake yi ruf, ruwa ba ya ratsawa, ba kamar lalle ba da ke rina farcen ya bar shi a buɗe. Don haka Musulma in ta zo, galibi tana fashin salla ne, kwana biyar zuwa bakwai za ta dawo a cire kafin ta yi wanka. Kin ga sa mata jel mai tauri zalunci ne ga farcenta da aljihunta. Mai laushi nake sa mata, ko farcen roba na mannawa da za ta cire a gida. Kuma ina faɗa mata tun kafin ta zauna, don na taɓa samun amaryar da ba ta sani ba, ta zo mini da sassafe ido ya yi ja, ta yi asuba biyu da shi. Kwalaben da ake rubuta wa “halal” ko a ce ruwa na ratsa su, wannan magana ce ta malamai. Ni ban yi wa kowa alkawari da su ba.

Yanzu ga inda na ci wuya, wato fitila. Tsohuwar mai dogayen ƙwayaye, ta UV, tana ɗaukar kamar minti biyu kowane shafi, kuma ƙwayayen na raguwa da ƙarfi alhali suna ci gaba da haske, ba za ki gane da ido ba. Ta LED daƙiƙa 30 zuwa 60 ce. Amma kowane jel an haɗa shi ne da irin hasken da zai daskarar da shi, shi ya sa manyan kamfanoni ke cewa a haɗa jel ɗinsu da fitilarsu. Da na ɗauka dabarar cin kuɗi ce kawai. Na sayi fitila mai arha da aka rubuta wa wat mai yawa, na haɗa da kwalabe marasa adireshi da wani ya kawo mini har shago. Sama ya yi tauri yana ƙyalli, ashe ƙasa ɗanye ne. Bayan 'yan watanni wata kwastomata, malamar makaranta, ta dawo da gefen yatsunta duk sun kumbura, fata na tsagewa, farce biyu sun ɗaga. Likitan fata ya ce jikinta ne ya ƙi sinadarin. Ta tafi ke nan, da ita da ƙawayenta uku.

Daga baya na fahimci abin. A cikin jel akwai wani sinadari, HEMA, da danginsa. In ya daskare sosai ba ya damun yawancin mutane, amma ɗanyensa in yana taɓa fata a kai a kai, jiki na iya ƙin sa, kuma in ya ƙi, ya ƙi ke nan har abada. Abin tsoron shi ne dangin wannan sinadari ake amfani da su wajen cike haƙori da wasu ayyukan ƙashi a asibiti. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kai tun 2018. Tarayyar Turai ta taƙaita HEMA ga ƙwararru kaɗai daga 2021, sannan daga 1 ga Satumba 2025 ta haramta wani sinadarin, TPO, a kayan kwalliya. Ni dai tunanina, kayan da aka kora daga wata kasuwa sai sun nemi wata, don haka ki riƙa juya kwalba ki karanta. Ki nemi lambar NAFDAC, da sunan kamfani, da jerin abin da ke ciki. Wanda aka rubuta babu HEMA ya fi sauƙi, amma shi ma kada ya taɓa fata. Ke kanki kin fi kowa haɗari tunda kullum hannunki na ciki. Sa safar hannu ta naitiril, ta roba ta gama-gari ba ta tare shi.

Sai NEPA. In aka ɗauke wuta hannu na cikin fitila, kada ki ce “ai ya kusa”. Ta da janareta ki sake ƙirga lokacin daga farko. Fitila mai caji ta fi mini komai a shagon nan, wallahi. Kwalabe kuma a ajiye su nesa da taga, hasken rana na daskarar da su a ciki.

Idan kika ga kore-kore a ƙarƙashin jel ɗin da ya ɗaga, ƙwayar cuta ce ta samu danshi ta zauna. Cire shi za ki yi, a bar farcen ya sha iska, ba ki shafe shi da sabon launi ba.

Da ni ce mai farawa yau da ƙaramin jari, kamfani ɗaya zan riƙe: na ƙasa, na sama, fitilarsa, da launi shida ko takwas da na san ana nema, ja da ruwan hoda da kalar fata da fari da baƙi. Jel mai laushi kawai, sai kwalba ɗaya ta mai ƙara ƙarfi irin wanda asiton ke cirewa, saboda masu farce mai karyewa. Mai tauri da Polygel sai hannu ya faɗa. Kafin ki sayi da yawa, gwada kwalba ɗaya: ɗiga jel a kan leda daidai kaurin da kike shafawa, sa a fitila, ki juya bayansa ki taɓa da tsinke. In ya yi danƙo, mayar wa mai shi kayansa.