Kyauta, Rance da Lada: Yadda Ɗan Fadamar Haɗeja Zai Biya Kuɗin Karatu



Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau wata magana ce da ta yawaita a zaure da rumfar kasuwa, watau wai gwamnati tana raba wa 'yan makaranta kuɗi. Wannan magana rabinta gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa haɗari ne. Gama kuɗin da kan fito daga hannun hukuma zuwa hannun ɗalibi iri uku ne, ko da yake duk naira ce: akwai kyauta, akwai rance, akwai ladan aiki. Ɗan kasuwar da ya haɗa waɗannan uku a shafi ɗaya na littafinsa ba zai kai baɗi da jarinsa ba, malami kuwa ya san kowannensu babinsa daban ne a littattafan fiƙihu.

Kowa ya san arzikin mutumin fadama a hannun kogi yake. In ruwa ya zo daidai, ga shinkafa, ga kifi, ga alkama da tattasai da rani. In ya yi yawa, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, sai ya shafe gona da rumbu cikin dare ɗaya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, kacala ta toshe hanyoyinsa, har ya zama wani gari na kukan ambaliya, maƙwabcinsa na kukan ƙishirwa. To, makaranta ba ta san wannan ba. Ranar rufe rajista ranar rufe rajista ce, ko shanshera ta shigo gida ko tana ƙarƙashin ruwa. Nan ne uba kan je wurin mai kuɗi ya karɓi abin da zai biya da buhu in kaka ta yi, a kan farashin da shi kansa ya san an kware shi. Ga shi kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, jami'o'i da yawa suka ƙara kuɗin rajista, kuɗin mota da na abinci suka bi sahu.

Makarantun kam sun matso kusa. Akwai jami'ar jiha a Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, ake kira Jami'ar Sule Lamido. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman a nan Haɗeja, da jami'ar tarayya a Dutse tun 2011, da kwalejin horon malamai a Gumel. Tafiya ta ragu, amma kuɗi bai ragu ba.

Dattawa za su tuna zamanin En'e, sa'ad da Haɗeja take cikin Lardin Kano. A lokacin ana ɗaukar yaro daga elementare a kai shi Midil, a ci da shi, a tufatar da shi, a ba shi littafi, duk daga baitulmali, amma iyaye suna ɓoye 'ya'yansu a rumbu don kada a rubuta su. Yau ga jikokin waɗanda aka ɓoye suna neman a rubuta su da kuɗinsu, abin ya faskara. Allah mai juya zamani! Ba 'yan boko kaɗai suka ci wannan gajiya ba. Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka buɗe a 1934 ta koma Makarantar Koyon Larabci a 1947, ta yaye alƙalai da malamai masu yawa, daga cikinsu Gwamnatin Jihar Arewa ta aika da waɗansu Bahtar Ruda ta ƙasar Sudan, har da marigayi Malam Abubakar Gumi. Sai dai ko a wancan zamani kyautar da igiya a wuyanta: wanda aka koyar, ana sa ran ya komo ya yi wa En'e ko Gwamnati aiki.

Kyauta ba ta mutu ba. Jihar Jigawa, tun da aka cire ta daga Kano a 1991, tana da hukumar ba da tallafin karatu ga 'ya'yanta da ke manyan makarantu, ta kuma sha aika ɗalibai ƙasashen waje koyon likitanci. Gwamnatin tarayya tana da tata hukumar, haka nan asusun horon ma'aikatan man fetur, waɗanda ke zaɓen masu ƙwazo. Wannan kuɗi ba a biyansa, saboda haka shi ya kamata a fara nema, da takardar shaidar ƙaramar hukuma a hannu. Amma masu nema sun fi abin da za a raba yawa, kuma ba safai yakan ɗauke dukan nauyin shekara ba.

Sai rance, wanda shi ne gindin maganarmu. A ran 12 ga Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar ba ɗalibai rance. Waccan doka ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: sai abin da gidan su yaro ke samu bai kai naira 500,000 a shekara ba, sai kuma ya kawo mutum biyu masu tsaya masa, irin babban ma'aikacin gwamnati ko lauya da ya daɗe a aiki. Ina ɗan masunci a Guri zai sami lauya? Da aka ga ba za ta yi tafiya ba, aka soke ta, aka sa hannu a sabuwa ran 3 ga Afrilu 2024, aka zubar da waɗannan sharuɗɗa biyu. Asusun da ke riƙe da aikin shi ake kira NELFUND, ya fara karɓar masu nema ran 24 ga Mayu 2024.

Ga yadda aka tsara shi. Kuɗin makaranta ba ya biyowa ta hannun yaro, kai tsaye ake zuba wa makarantar. Wanda ya nemi na guzuri kuma, an fara da ba shi naira 20,000 a wata cikin asusunsa na banki. Makarantun gwamnati kaɗai ya shafa, na tarayya da na jiha, ban da masu zaman kansu. Ba a fara neman biya sai an shekara biyu da gama hidimar ƙasa, sa'an nan a riƙa cire kashi goma cikin ɗari na albashi, mai sana'ar kansa kuwa ya ba da ushirin ribarsa. Wanda bai sami aiki ba yana iya rantsuwa a rubuce a jinkirta masa, amma wanda ya rantse a kan ƙarya dokar ta tanadar masa ɗauri. Wanda ya rasu an yafe masa. Babban abu kuma, ba ruwa a ciki: abin da ka karɓa shi za ka mayar, ba ƙarin ko kwabo.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da malamai za su fi dubawa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda mai karatun Risala ya sani, rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani haramun ne, wanda bai jawo ba kuwa aikin lada ne. A ganinmu wannan rance ya kuɓuta daga wancan aibi, ko da yake hukunci na masu fatawa ne. Ku dubi Amurka, inda rancen karatu ke da ruwa: bashin da ke kan ɗalibansu ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi, mutum ya yi furfura yana biyan karatun samartaka. Fatake kuma za su lura da wani abu. Dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin hukuma farkon 2023, ta haura naira 1,500 a 2024. Wanda ya ranci naira yau zai mayar da adadinta bayan shekara bakwai ko takwas, ba darajarta ba. Wane ɗan kasuwa ne a kasuwar Haɗeja zai ba ka rance haka?

Amma fa bashi ne. Nan ne tsoronmu yake, gama an taɓa yi. A 1972, zamanin Janar Gowon, an kafa hukumar ba ɗalibai rance, mutane suka karɓa, da yawa ba su mayar ba, suna cewa ai rabonsu ne na arzikin ƙasa. A 1993 aka sake kafa bankin ilmi don ya gaje ta, shi ma bai yi rai ba. Aka shekara wajen talatin ba a sake buɗe wannan ƙofa ba, 'ya'yan talakawa nawa suka koma gida a tsakani, Allah kaɗai ya sani. Waɗanda suka ci ba su biya ba, ba gwamnati suka cuta ba, ƙannensu suka cuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma almajirin hadisi ya san Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya taɓa ja da baya ga sallar gawar wani mai bashi sai da wani sahabi ya ɗauki nauyin biya. Ba mu ga inda aka ce in mai bin bashin baitulmali ne hukuncin ya faɗi ba.

Tun da ba mai tsayawa, nauyin a wuyan ɗalibin yake, ba a wuyan ubansa ba. To, a nan akwai abin da ba a cika faɗa ba game da 'ya'ya mata. Yarinyar da ta karɓa, ta gama, aka yi mata aure, bashin yana biye da ita ɗakinta. Kyautuwa ya yi waliyyi ya sanar da mai nema tun kafin a sa rana, don kada ranar da ta fara aikin asibiti ko koyarwa a ga ana cire ushiri a yi ta cacar baki.

Na uku, ladan aiki, ba baƙo ba ne a tsangaya. Gardin da ke ɗinkin hula, ko ya yi noma a gonar malam da damina, ko ya tafi cirani da allonsa, ai da guminsa yake biyan karatunsa. Amurkawa sun mai da wannan doka a 1964, gwamnati na biyan ɗalibi ladan 'yan sa'o'in da ya yi aiki a makarantarsa. A nan ƙasar waɗansu jami'o'i sun gwada irinsa, amma bai yaɗu ba. Attajiranmu na iya cike wannan gurbi ba tare da jiran doka ba. Mai sayen riɗi, da dillalin kifi, da mai injin casar shinkafa, duk suna bukatar mai rubuta shiga da fita. In ka ɗauki ɗan makaranta lokacin hutu ka biya shi ladansa cikakke, ka rage masa abin da zai ranta, kai kuma littafinka ya daidaita.

Alarammomi za su ce, mu namu fa? Gaskiya ce, wannan rance bai san allo ba, sai wanda ya sami gurbi a babbar makaranta ta hanyar jarrabawar JAMB. Amma akwai gada: hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci, wadda ake kira NBAIS, takardarta karɓaɓɓiya ce wajen neman shiga jami'a. Mahaddacin da ya bi ta nan, haƙƙinsa daidai yake da na kowa.

Wanda ya yi niyya, ta intanet ake nema, ba a biyan ko sisi, duk wanda ya ce a kawo na goro don ya shigar da suna a guje shi. Za a bukaci lambar JAMB, da lambar ɗan ƙasa, da lambar banki ta BVN, da shaidar shiga makaranta. Abin da ya fi kayar da yaranmu shi ne saɓanin suna: a wannan takarda Muhammadu, a waccan Mamman, a ta uku an sa sunan gari a madadin na uba, ko ranar haihuwa ta bambanta. A gyara wannan tun yaro yana ajin ƙarshe na sakandare, gama gyaran yakan ci makonni. In kuɗin ya fito kuma, uba ya sa ɗansa ya zauna gabansa, a buɗe shafi a littafin gida, a rubuta abin da aka biya wa makaranta da abin da aka karɓa na guzuri, shekara da shekara, da boko ko da ajami, mutum biyu su sa hannu.