Shaidar da Ba Ta Magana: Sinadarin Gado a Aikin 'Yan Sanda

A shekarar 1983, a ƙauyen Narborough kusa da birnin Lesta na ƙasar Ingila, aka yi wa wata yarinya 'yar shekara 15 fyaɗe, aka kashe ta. A 1986 aka sake yin haka ga wata sa'arta a ƙauyen Enderby da ke maƙwabtaka. 'Yan sanda suka kama wani saurayi ɗan shekara 17, bayan doguwar tuhuma ya amsa cewa shi ya yi kisa na biyu. Ga alama magana ta ƙare.

To, amma shekara biyu kafin nan, a watan Satumba na 1984, wani masanin ilmin halittu a Jami'ar Lesta, Alec Jeffreys, ya gano wani abu game da sinadarin gado, wato DNA. Wannan sinadari yana cikin ƙwayoyin jikinmu, rabi daga uwa, rabi daga uba. Kashi 99.9 cikin ɗari nasa iri ɗaya ne ga dukkan 'yan Adam. Sai dai akwai wasu gurabe inda ɗan guntu guda yake maimaita kansa, kuma yawan maimaicin ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Idan aka auna gurabe da dama, sai a sami tambarin da ya keɓanta ga mutum guda, in ban da tagwaye 'yan ƙwai ɗaya.

'Yan sanda suka kai wa Jeffreys maniyyin da aka samu a jikin 'yan matan, da jinin saurayin, da nufin a tabbatar da cewa shi ne ya yi kisan farko ma. Sakamakon ya girgiza su: mutum ɗaya ne ya aikata duka biyun, amma ba saurayin ba ne. Aka sake shi. A 1987 aka ɗebi jinin maza fiye da 5,000 na yankin. Wani ma'aikacin gidan burodi, Colin Pitchfork, ya tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Asiri ya tonu, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1988.

Mai karatu ya lura, aikin farko da wannan gwaji ya yi wa shari'ar kisa shi ne kuɓutar da marar laifi. Tsoro da gajiya suna iya sa mutum ya amsa abin da bai aikata ba.

Sai dai kimiyyar ma tana da sharaɗi. 'Yan sandan Jamus sun yi shekaru suna farautar wata mata da tambarinta ya bayyana a laifuffuka kusan 40, har da kisan wata 'yar sanda a garin Heilbronn a 2007. A 2009 aka gano cewa tambarin na wata ma'aikaciya ne a masana'antar da ke yin tsinken audugar da ake ɗibar shaida da shi.

Wannan ne ya sa horon ɗan sanda na zamani ya ƙunshi killace wurin da aka yi laifi, da sa safar hannu da takunkumi, da rufe kowace shaida a mazubinta daban, da rubuta sunan duk wanda ta bi ta hannunsa har zuwa kotu. Ɗalibin da yake koyon wanke kwalba da rubuta sakamako tsakani da Allah a ɗakin gwaji, ya sani cewa wata rana 'yancin wani bawan Allah yana iya rataya a kan wannan tarbiyya.