Jijiyar da ke kwance ƙarƙashin turamen haƙori

A ƙasar rake irin Makarfi da Kudan, haƙori ba ya hutu. Yaro na tasowa da karan rake a hannu, ga mazarƙwaila a kasuwa. Ranar da kogo ya ci turmi, kumatu ya kumbura, barci ya ƙaurace wa ido, magana ɗaya ce a bakin mai ciwo: "A cire min shi in huta." Sai dai cire haƙorin ƙasa, musamman na can ƙurya, ba tugar gyaɗa ba ne, domin akwai abin da ke kwance a ƙarƙashinsa.

A cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa akwai wata siririyar hanya mai kama da bututu. Tana shiga ƙashin ta baya da haƙori na ƙarshe, ta ratsa ƙarƙashin saiwoyin turame, ta ɓullo ta wata 'yar kafa a gefen haɓa. A ciki jijiya take tafiya tare da hanyoyin jini. Ita ke sa haƙoran ƙasa da leɓe da haɓa su ji zafi ko taɓi. Shi ya sa idan likita ya yi allurar kashe zafi a ƙuryar baki, sai ya ɗan dakata ya tambaya: "Malam, leɓenka ya yi nauyi?" In ya yi, allura ta kai ga jijiya.

Abin lura shi ne, wannan hanya ba iri ɗaya ba ce a jikin kowa. A wani tana manne da saiwar haƙori, a wani tana can ƙasa. A wani takan rabu biyu, wani lokaci har uku. Wani reshen kan haura ya fito a bayan haƙorin hankali, wato na ƙarshe. Akwai kuma wanda jijiyarsa ke zarce kafar haɓa, sannan ta yi kwana ta dawo. Duk wannan ba cuta ba ne, halitta ce, kamar yadda zanen tafin hannu ya bambanta.

An daɗe ana zaton rabuwar hanyar abu ne da ba kasafai ba. A 1985, wani mai bincike, Langlais, da abokan aikinsa sun duba hotunan muƙamuƙi 6,000, suka ga rabuwar a ƙasa da kashi 1 cikin 100. Amma hoton wancan lokaci shimfiɗaɗɗe ne, ƙashi na rufe ƙashi. Da na'urar CBCT ta shigo aikin haƙori a ƙarshen shekarun 1990, mai nuna ƙashi yanka-yanka ta kowace fuska, sai labari ya sha bamban. A 2009, Naitoh da tawagarsa a Japan sun duba mutum 122 da ita, suka tarar da hanya mai rassa a kusan kashi 65 cikin 100. Ashe rassan suna nan tun fil azal, ido ne bai kai gare su ba.

Me wannan ya shafi manomin tumatir a Ikara ko mai awo a Hunkuyi? Na farko, akwai wanda za a yi wa allura amma ana taɓa haƙorin ya zabura, a ce masa raki gare shi. Wataƙila wani reshe ne allurar ba ta kama ba. Na biyu, idan aka yanki reshen da ba a san da shi ba, jini kan zuba fiye da kima. Na uku, idan aka ji wa jijiyar rauni, leɓe kan mutu: mutum ya kurɓi koko ya zubo bai sani ba, ko ya ciji leɓensa bai ji ba. Yawanci jin kan dawo cikin makonni ko watanni, amma wani nasa ba ya dawowa.

Hoto ne ke rage wannan haɗari. Idan likita ya ga saiwa ta yi duhu inda ta haɗu da hanyar, ko farin layin hanyar ya katse, ko ta karkace, ya san haƙori da jijiya sun yi maƙwabtaka. Daga nan sai ya nemi hoto mai zurfi, ko ya tura mara lafiya wajen ƙwararrun tiyatar baki da muƙamuƙi, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano. Wani lokaci ma kan haƙorin kaɗai ake yankewa, a bar saiwar don kada a taɓa jijiya.

Mai cire haƙori a gindin bishiya ranar kasuwa ba shi da wannan ido, komai gwanintar hannunsa. Kuɗin mota zuwa Zariya da na hoto suna da nauyi, ba musu. Amma kafin ka buɗe baki a sa maka ƙarfe a turmin ƙurya, tambayi mai aikin: "An ga inda jijiyata ta bi?" Kuma in ka kwana, ka wayi gari leɓe bai farfaɗo ba, kada ka tsaya gashi da ruwan zafi, koma asibiti a ranar.