Kyautar Bogi da Kiran da Ba Ka Gayyata Ba

Da zarar azumi ya ƙarato, ko gwamnati ta yi maganar rabon tallafi, sai wani irin saƙo ya fara yawo a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook. Yau a ce wani kamfanin waya na bikin cika shekaru yana raba data kyauta, gobe a ce gidauniyar wani attajiri za ta ba kowane magidanci naira 50,000. A ƙarƙashin saƙon akwai adireshin intanet da ake so ka latsa, da gargaɗin cewa ƙarfe 12 na dare za a rufe. Wanda ya turo maka kuma ba baƙo ba ne. Ƙanwarka ce, ko abokin cinikinka, ko wani dattijo a zauren zumunci, wanda shi ma turo masa aka yi, ya tura da kyakkyawar niyya.

Mutane da yawa na kallon irin wannan saƙo a matsayin matsala guda, kiraye-kirayen talla da ke damun su dare da rana kuma wata matsala daban. Alhali sau da yawa ɗaya ce ke haifar da ɗaya. Kyautar bogi hanya ce ta karɓar lambarka da bayananka, kiran da zai biyo baya kuma shi ne inda ake juya bayanan su zama kuɗi.

Idan ka latsa adireshin, shafi ne zai buɗe da tambarin kamfanin da ka sani, launi da komai. Za a yi maka tambayoyi uku ko huɗu marasa wuya: namiji ne kai ko mace, wane layi kake amfani da shi, a wace jiha kake. Daga nan sai a jera maka akwatuna a ce ka zaɓi ɗaya. Na farko ba komai a ciki, na biyu ko na uku sai ga shi an ce ka ci. Duk wanda ya shiga haka zai gani, domin an tsara shafin ne kowa ya ci. A ƙasa kuma ga jerin mutane da hotunansu suna godiya, wannan ya ce alat ya shigo masa yanzun nan, waccan ta ce da farko ba ta yarda ba. Duk rubutun mai shafin ne. Sai a zo kan sharaɗi: kafin a sakar maka kyautar, ka tura saƙon zuwa zaure 5 ko mutum 20, sannan ka rubuta cikakken sunanka, lambar wayarka, ranar haihuwarka da lambar asusunka. Ka ga ke nan ka yi wa ɗan damfara aiki biyu ba lada: ka ba shi bayananka, ka kuma kai shi wurin mutanen da suka yarda da kai.

Wasu 'yan damfarar a nan suke tsayawa, su tara dubban lambobi su sayar wa masu talla da sauran mazambata. Wasu kuma sai sun ce ka biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, naira 2,000 ta rajista ko kuɗin kawo kaya. Ka biya, sai wani kuɗin ya taso, na haraji ko na kwastan. Wannan tsohuwar damfarar nan ce ta "ba ni kaɗan in ba ka da yawa" wadda sashe na 419 na kundin laifuffukan Najeriya ya ba ta suna, har aka yi mata doka ta musamman a 2006. Tufafi kawai ta canja.

Kada kuma a ɗauka cewa sunan babban mutum ko alamar tantancewa da ke jikin shafi hujja ce. A ranar 15 ga Yulin 2020 an kutsa cikin shafukan Twitter na Barack Obama, Joe Biden, Bill Gates, Elon Musk da kamfanin Apple, aka wallafa cewa duk wanda ya tura kuɗin intanet na Bitcoin za a ninka masa cikin minti 30. Shafukan na gaske ne, maganar ce ta ƙarya. Cikin 'yan sa'o'i mutane suka tura sama da dala 100,000, kuma jagoran aikin ya kasance yaro ne ɗan shekara 17 a jihar Florida ta Amurka, wanda daga baya aka yanke wa ɗaurin shekara 3. Idan haka ta faru da waɗannan, shafin mawaƙi ko tauraruwar Kannywood da ke cewa "turo kuɗin caji in saka ka cikin masu rabo" ba abin dogaro ba ne don kawai akwai hotonsu a kai.

Bayan kwana biyu ko wata biyu, lokacin da ka manta da wancan shafi, sai waya ta yi ƙara. Mai kiran ya gaishe ka da cikakken sunanka, cikin ladabi da Hausa tsantsa: "Ranka ya daɗe, daga bankinka muke kira. An samu matsala a BVN ɗinka, idan ba a gyara yau ba za a rufe asusun." Ya faɗa maka ranar haihuwarka daidai, hankalinka ya kwanta cewa lallai ma'aikacin banki ne, ba ka tuna da hannunka ka rubuta ta ba. Sai ya ce: "Yanzu za ka ga wasu lambobi sun shigo wayarka, karanto mini su." Lambobin nan su ne OTP, mabuɗin wucin gadi da banki ke turo wa mai asusu don tabbatar da cewa shi ne ke son fitar da kuɗi. A daidai lokacin da kuke magana, shi yana can yana ƙoƙarin cire kuɗinka, abin da ya rage masa kawai ka karanto. Babu bankin da zai kira ka ya nemi OTP, ko lambar sirrin katin ATM, ko lambobi ukun da ke bayan katin. Bankunan da kansu suna ta nanata haka a saƙonninsu.

Irin wannan dabara ake yi wajen ƙwace WhatsApp. A kira ka a ce za a yi taron zaure ta intanet, ko za a saka sunanka a jerin masu tallafi, an turo maka lamba 6, ka faɗa. Kana faɗa, WhatsApp ɗinka ya koma wayar wani. Kafin ka farga an bi 'yan uwa da abokai ɗaya bayan ɗaya da sunanka: "Ina asibiti, a taimaka mini da 20,000 zuwa gobe."

Ba kowane kira ne na damfara ba. Akwai na talla zalla, masu inshora, masu filaye, masu caca, da muryar na'ura da ke tallar waƙar kira. Domin irin waɗannan ne Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta wajabta wa kamfanonin waya tsarin hana damuwa tun ranar 1 ga Yulin 2016. Ka rubuta STOP ka aika zuwa 2442, kyauta ne a kowane layi, za a dakatar da tallace-tallacen. Idan akwai fannin da kake son ci gaba da samun labarinsa, kamar harkar banki, ilimi, lafiya, wasanni ko addini, sai ka aika HELP zuwa lambar, a nuna maka yadda za ka zaɓa. Aika STATUS zai nuna maka matsayin layinka. Idan tallar ba ta tsaya ba, ko ana yanke maka kuɗin abin da ba ka nema ba, ka fara kai ƙara wurin kamfanin layinka ka karɓi lambar ƙorafi. In ba su share maka hawaye ba, ka kira NCC a 622, shi ma kyauta ne.

Sai dai a sani, 2442 na aiki ne a kan kamfanonin da ke bin doka. Ɗan damfara da ke kira da layinsa na aljihu bai san da zamanta ba. Maganinsa yana hannunka. Kada ka tsaya jayayya da shi ko gwada masa wayo, domin tsawon hira shi ne jarinsa. Ka kashe wayar ka toshe lambar. In ya ambaci banki kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kira lambar da ke bayan katinka, ko ka taka da ƙafarka zuwa reshe. Idan baƙuwar lambar ƙasar waje ta yi maka filashin sau ɗaya ta katse, kada ka bi kiran, domin akwai lambobin da aka tanada don su cinye kuɗin duk wanda ya kira. A WhatsApp kuwa, ka shiga saituna ka kunna tantancewa mai mataki biyu, ka saka lambar sirri 6 da kai kaɗai ka sani. Tun 2023 manhajar ta ƙara wurin da ake hana kiran baƙin lambobi yin ƙara.

Akwai kuma kiran da ya fi ciwo, na manhajojin ba da bashi. Mutum ya ci bashin naira 10,000 ta waya, wajen saukar da manhajar ya ba ta izinin ganin duk lambobin da ke wayarsa. Ranar da biya ya yi jinkiri, sai a kira surukinsa da maigidansa a wurin aiki ana kiransa ɓarawo. A 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan keta sirrin mutane, a 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni rajista, sannan daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa leƙa lambobi da hotunan masu waya. A shekarar ce kuma aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba ɗan ƙasa damar ƙin amincewa a yi amfani da bayanansa wajen talla. Duk wanda ake yi wa irin wannan cin mutunci yana da inda zai kai kuka.

Idan kuwa mai afkuwa ta riga ta afku, saurin mataki shi ne komai. Ka kira bankinka nan take a toshe kati da asusun. Yawancin bankuna suna da lambar da ake dannawa a toshe asusu ko da a wayar wani ce, ya kamata kowa ya nemi ta bankinsa ya rubuta ya ajiye tun kafin buƙata ta taso. Ka adana saƙonnin, da lambar da ta kira, da lambar asusun da kuɗin ya tafi, ka kai wa banki da 'yan sanda ko EFCC. Ka sanar da dangi ta wata hanyar cewa kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka. Kada kunya ta sa ka yi shiru. Malamai, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata duk an yi musu, kuma shirun wanda aka cuta ne ke ba macuci damar zuwa gida na gaba.

Kyauta ta gaskiya tana nan, kamfanoni na yin gasa, masu hali na rabo. Amma ana sanar da ita a shafin kamfanin na ainihi da kafafen labarai da aka sani, ba ta neman ka biya kafin ka karɓa, ba ta neman lambar sirri, kuma ba ta ce sai ka tura wa mutum 20. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk saƙon da ya karya ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa, ka goge shi, sannan ka kira wanda ya turo maka ka yi masa bayani cikin mutunci, musamman iyaye da kakanni da ba su daɗe da riƙe babbar waya ba. A rubuta musu a takarda, a liƙa a bayan wayar: lambar da ta shigo ba a karanta wa kowa.