Tsumburbura da Dutsen Dala: Ina Almara Ta Tsaya, Ina Hujja Ta Fara?

Mai karatu, idan ka taso daga Ɗambatta ko Bichi ka doshi birnin Kano, daga cikin abubuwan da za su fara yi maka maraba akwai Dutsen Dala. Yau gidaje sun kewaye shi ta ko'ina, amma a can da, a nan ne wurin bauta mafi girma a ƙasar Kano yake, wato na Tsumburbura.

Yawancin abin da muka sani game da wurin ya fito ne daga kundin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Kundin ya ce mazaunin Tsumburbura wata itaciya ce mai suna Shamus, an kewaye ta da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, daga zuriyar Dala. Idan lokacin biki ya yi, jama'a kan taru daga ƙauyuka da baƙin bunsuru, baƙin kare da baƙar kaza. Barbushe ya shiga da dare, ya fito ya shaida musu abin da shekara za ta zo da shi. Har an ce shi ya yi hasashen zuwan baƙon da zai mulke su, wato Bagauda, wanda ake lissafa sarautarsa daga 999.

To, gaskiya ne ko tatsuniya? Ga inda mai bincike ke taka-tsantsan. Masana da dama na ganin an harhaɗa kundin ne a ƙarshen ƙarni na 19, ɗaruruwan shekaru bayan abubuwan da yake bayarwa, kuma malami Musulmi ne ya rubuta. Don haka zancen kashe giwa da sanda a ɗauko ta a kai, wannan kam zuzutawa ce irin ta labarin baka.

Sai dai ƙasa ma tana da nata bayanin. A gindin Dala an gano ragowar murhun narka tama da kashin ƙarfe, kuma awon gawayin wurin ya nuna wajen ƙarni na 7. Yaya ake wannan awon? Duk itace mai rai yana shaƙar wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon-14. Da zarar an sare shi, sai sinadarin ya fara raguwa, rabinsa na ɓacewa duk bayan kimanin shekara 5,730. Abin da ya rage a gawayi shi ke nuna shekarunsa. Wannan ya yi daidai da labarin Abagayawa, maƙeran da suka ce kakansu ya zo daga Gaya neman tama.

Ka ga ke nan, awo bai tabbatar da Barbushe ba, amma ya nuna dalilin da wurin ya yi daraja. Inda akwai tama, akwai fartanya da mashi. Ga kuma ruwan Jakara da kurminsa, wanda shi ma ake girmamawa, daga nan kasuwar Kurmi ta samo suna. Ruwan nan har yau shi ke gangarawa dam ɗin Wasai a Minjibir, manoman rani na amfana da shi. Wanda ya riƙe ƙarfe da ruwa da abin bauta, shi ke da mulki. Shi ya sa kundin ya nuna sarakuna sun daɗe suna fafatawa da masu wurin, har Sarki Tsamiya (1307-1343) ya rushe shi, kafin Musulunci ya samu gindin zama a fada zamanin Yaji.

Karanta wannan tarihi ba komawa ga bautar gunki ba ne, sanin asali ne. A 2007 an saka ganuwar Kano da Dala cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su, amma zaizayar ƙasa da gine-gine da shara suna cin wurin. Duk murhun da aka haƙe aka zubar kafin a auna shi, shaidarsa ta tafi ke nan. Idan ka ci karo da kashin ƙarfe ko tsofaffin katanga na tukwane a gonarku, kada ka watsar. Ka ɗauki hoto, ka lura da wurin, ka sanar da Gidan Makama.