Tamaular unguwanni: yaron da ke kan benci shi ma ɗan wani ne

Da zarar an rufe lakwal, damina ta kama, filayen unguwanni a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sai su cika da yara. Lokacin gasar babban hutu ke nan, wadda matasa ke kira TGV. Mu ƴan kasuwa ba baƙi ba ne a wannan harka: wani alhaji ne ke sayen kofi, wani mai shago ya ɗauki nauyin riguna, uwa kuma ta tsakuro daga ribar ƙosai ko ta kayan miya ta sayo wa ɗanta takalma. Tunda kuɗinmu na ciki, muna da bakin magana kan abin da ke faruwa a bakin fili.

Abin da ke faruwa kuwa kowa ya sani. A kowace ƙungiya akwai yaro ɗaya ko biyu da ba su kai sauran ba. Yaro ya zo horo kullum, ya biya kuɗin karo-karo kamar kowa, amma ranar wasa yana zaune tun busar farko har ta ƙarshe. In an sa shi, minti biyu ne kafin a tashi. In tsautsayi ya sa ƙwallo ta kuɓuce masa aka jefa musu, abokansa su yi masa ca, ƴan kallo su laƙa masa suna. Bayan mako biyu sai a daina ganinsa. Wani lokaci maganar ba ta tsayawa a fili, ta biyo iyaye mata har rumfa, maƙwabta biyu su daina gaisawa saboda wasan yara.

Masu horon suna da tasu hujja, kuma ya kamata mu saurara. Sukan ce wanda ya sayi riguna kofi yake so, in an sha kashi su ake zagi. Yaran da suka iya su ma sukan ce ba adalci ba ne a fidda wanda ke ci a sa wanda ke ɓata wasa. Da maganar Mena ake yi, ko Ɗan Kasawa ta Maraɗi, ko Espoir ta Damagaram, da mun yarda, domin can sana'a ce. Amma ƴan shekara 10 zuwa 14 koyo suke yi. Wane ɗan kasuwa ne zai ɗauki yaron shago, ya hana shi taɓa awo da ba da canji shekara guda, sannan ya yi fushi don bai iya ciniki ba?

Mu yi lissafi irin namu. A ce ƙungiya na da yara 16, wasa kuma minti 60 ne. Ƴan wasa 11 sau minti 60 ya ba da minti 660. In an ba kowane ɗaya daga yara 5 da ke kan benci minti 20, minti 100 ke nan, saura 560 a hannun gwanaye. Riba ba ta karye ba, kuma kowa ya koma gida da labarin da zai ba mahaifiyarsa. Dokar tamaula ma ba ta hana ba. Tun 2017 hukumar da ke tsara dokokin wasan a duniya ta yarda, a wasannin yara da na unguwanni, ɗan wasa ya fita ya sake dawowa in hukumar ƙasa ta amince. Ko manya ma, tun 2020 aka ƙara yawan canji daga 3 zuwa 5.

Kafin a ce yaro bai iya ba, a fara tambayar abin da ke damunsa. Babban hutu lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, lokacin da hatsi ke tsada, rumbu ya yi ƙasa. Wani yaron daga gona ya fito, wani ya wuni yana talla ko turin baro, wani ko fura bai sha ba. Wani kuma ƙanƙanta ce kawai, tsaransa sun riga shi tsawo, balle in an cusa ƙattin da aka rage wa shekaru. N'Golo Kanté, ɗan asalin Mali, manyan makarantun tamaula na Faransa ba su ɗauke shi ba yana yaro, har 2010 yana ƙaramar ƙungiyar Suresnes. A 2016 ya ci gasar Ingila da Leicester, a 2018 ya ɗauki kofin duniya da Faransa. Da rarrafe yaro kan tashi.

Gyaran ba ya buƙatar ko dala. Mai horo ya sa yaron a wurin da nauyi bai yi yawa ba, kusa da abokin da zai riƙa yi masa magana. Ya sa shi tun wasa na da sauƙi, kada ya jira sai hankali ya tashi. In zai yi masa gyara ya ja shi gefe. Kyaftin kuma a koya masa cewa in ɗan'uwansa ya yi kuskure, shi ne na farko da zai dafa masa kafaɗa. Mu iyaye, mu daina shiga fili da faɗa. A sami mai horo bayan wasa, a tambaye shi cikin mutunci abin da yaro zai gyara. A gida kuma kada uwar gwani ta riƙa zagin ɗan wata a gaban ɗanta, domin abin da ya ji a tsakar gida shi zai maimaita a fili.

Ƙasarmu ta ga amfanin rainon yara. A 2017 ƴan ƙasa da shekara 17 na Nijar sun je kofin duniya a Indiya, suka doke Koriya ta Arewa da ci 1 da nema, suka haye zagaye na biyu. A 2019 Yamai da Maraɗi suka karɓi kofin Afrika na ƴan ƙasa da shekara 20. Irin waɗannan ƴan wasa daga filayen ƙura suke fitowa, kuma babu mai horon da zai iya nuna su da yatsa tun suna shekara 11.

Saboda haka, alhazai da hajiyoyin kasuwa, in matasa suka zo neman gudummawar gasa bana, ku ba su, amma da sharaɗi ɗaya da za a faɗa gaban kowa tun kafin a fara: duk yaron da ya zo horo zai taka fili. Ku kuma ware kyauta, ko ta jika biyu ce, ga ƙungiyar da ta fi riƙe wannan alƙawari.