Rangwamen haraji kan kayan noma: ta ina yake isowa gonar mai tumatir a Kura da Bunkure?

A ƙarshen daminar da ta wuce, ana shirin zuba irin tumatir, sakataren wata ƙungiyar manoma ya same ni da takardar farashi daga wani shagon kayan noma a cikin birni. Injinan feshi ashirin da ƙaramar taraktar hannu guda suke son saye. Can ƙasan takardar an ƙara layi ɗaya: VAT, kashi 7.5 cikin ɗari. Ya ce, "Malam, ba an ce gwamnati ta yafe wa manoma haraji ba?" Na ce an yafe, kuma wannan layin bai kamata ya hau kan irin waɗannan kayan ba. Ya koma ya yi magana, aka soke layin. Da bai tambaya ba, da tuni sun biya.

Abu na farko da nake so ku riƙe shi ne, rangwamen haraji ba kuɗi ba ne da za a turo maka ta waya, ba kuma buhun taki ba ne da za a raba a sakatariya. Kuɗi ne da gwamnati ta haƙura da karɓa, kuma ta cikin farashi yake zuwa, idan har ya zo. Haraji yana tare kayan aiki a wurare uku: a tashar jirgin ruwa wajen kwastam, a shago wajen saye, sai kuma kan ribar da ka samu.

Mu fara da shago, tunda nan ne kake da bakin magana. Tun 1 ga Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5. Amma dokar ta daɗe da ware tarakta, garma da kayan aikin da aka saya don noma, haka ma taki da magungunan gona da ake yi a cikin gida. Umarnin da aka fitar a 2021 ya sa iri da kayan wutar sola cikin jerin. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ba ta ɗora VAT kan taki, iri da kayan aikin gona ba. Tumatir, albasa, attaruhu da kankanar da kake sayarwa ɗanyu ma abinci ne da ba a cajin VAT a kansu.

Yi lissafin da kanka. A ce kayan naira miliyan ɗaya ne, VAT ɗinsu naira 75,000. Idan ƙungiya ta sayi na miliyan goma, naira 750,000 ke nan. Wannan ba kuɗin goro ba ne, ya isa ya ɗauki wani kaso mai kyau na taki ko ladan 'yan ƙwadago.

Sai dai akwai gargada, kuma a nan ne na fi ganin ana rikici. Injin ban ruwa mai shan fetur, wanda kusan kowane mai noman rani yake da shi, a takardun kwastam yana cikin rukunin injinan tura ruwa gaba ɗaya, mai lamba 8413, tare da wanda ake sawa a gida ko a wajen wankin mota. Kayan feshi da na yayyafa ruwa a gona kuwa suna ƙarƙashin 8424, na gyaran ƙasa kamar garma da haro suna 8432. Kwastam lamba take bi, ba niyyar zuciyarka ba. Don haka dila zai iya ce maka injin nan ba kayan noma ba ne a wajensa. Shi ya sa idan za ku sayi kayan ban ruwa na ɗigo-ɗigo ko na sola, kada ku yarda a rubuta muku jimla ɗaya. A rarraba: farantan sola daban, injin tura ruwa daban, tiyo da bututu daban, kuɗin haɗawa daban. Ta haka za ku ga wanne aka ɗora wa VAT, ku kuma iya tambayar dalili. Idan aka dunƙule, kashi 7.5 kan komai zai hau.

Wajen kwastam kuwa labarin ya fi daɗi a takarda fiye da a kasuwa. A kasafin kuɗin 2012 gwamnatin tarayya ta ce injinan noma za su riƙa shigowa ba kuɗin fito. A 2017, shekara guda bayan tsutsar Tuta absoluta ta cinye mana tumatir a Kadawa da kewaye, aka fito da tsarin bunƙasa tumatir. Ya sa kayan rumfar noma ta leda da raga cikin kayan noma don su shigo ba kuɗin fito, ya ɗaga kuɗin fiton markaɗaɗɗen tumatir na waje zuwa kashi 50, da ƙarin dala 1,500 kan kowane tan. Daga Janairun 2021 kuma kuɗin fiton tarakta ya sauko daga kashi 35 zuwa 5.

To me ya sa kaya ba su yi araha ba? Saboda da dala ake sayo su. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, tashin dala ya haɗiye rangwamen har ya nemi ƙari. Ga kuɗin jirgin ruwa, ga na fitar da kaya daga tasha, ga motar da za ta ɗauko daga Legas zuwa Kano, ga ribar mai shigowa da ta dila. Mai shigo da kaya ne yake fara cin moriyar rangwamen, kuma ba wanda zai tilasta masa ya sauko maka da shi sai gogayya. Makaminku a nan ɗaya ne: ku karɓi takardar farashi daga wurare uku kafin ku cire ko sisi, ku kuma saya a dunƙule.

Batun riba ba zan daɗe a kai ba, domin yawancinku bai taɓa ku ba. A sabuwar dokar, naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai, kuma ga mai sana'a riba ake dubawa bayan an cire ɗawainiya, ba cinikin Kwanar Gafan gaba ɗaya ba. Kamfanin da ya shiga harkar noma yana da hutun harajin riba na shekara biyar na farko. Ƙananan kamfanoni ma ba sa biyan harajin riba: tun 2020 iyakar cinikin ita ce naira miliyan 25 a shekara, sabuwar doka ta ɗaga ta. Amma ba ka biya ba yana nufin ba ka kai bayani ba. Kamfani mai rajista dole ya riƙa miƙa lissafinsa duk shekara, in ya ƙi akwai tara. Na ga samari sun yi rajistar kamfani don neman bashi, suka jefa takardun a akwati suka manta.

Ga mai eka ɗaya ko biyu, ni a ganina ƙungiyar gama kai ta fi kamfani. Dokar haraji ta daɗe da ware ribar ƙungiyar gama kai mai rajista, matuƙar hulɗar tsakaninta da mambobinta ce. Ku lura da wannan sharaɗin. Idan taraktar ƙungiya tana yi wa mambobi huɗa suna biyan wani abu don gyara da mai, wannan yana ciki. Idan kuka mai da ita motar haya ga kowa da kowa har zuwa Rano da Tudun Wada, kun shiga kasuwanci, lissafinsa daban ne, kuma littafinsa ma ya kamata ya zama daban. Ƙungiyar masu amfani da ruwa ta kanal ɗinku ba lallai ita ce ƙungiyar gama kai ba. Ku duba satifiket ɗinku ku ga a wace doka aka yi muku rajista.

Tunda na ambaci kanal: kuɗin ruwan da ake biya a wannan shiri na Hukumar Hadejiya Jama'are ba haraji ba ne. Ladan ruwan dam ɗin Tiga ne da gyaran hanyoyinsa, babu rangwamen da ya shafe shi. A bara wani dattijo ya rantse mini an yafe, sai da muka zauna na warware masa.

Kada kuma rangwame ya zaɓa maka abin da za ka saya. Rumfar leda ba ta biyan kuɗin fito, gaskiya ne, amma idan ba ka da mai sayen tumatir ɗinka da daraja lokacin damina, ba ka kuma da wanda zai kula da zafin cikinta a watan Afrilu, ka sayi wahala ne da araha. Wanda gonarsa take bakin kanal, ruwa na gangaro masa da kansa, bai buƙatar sola. Wanda yake jan ruwa daga rijiyar burtsatse ko magudana, tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ya san abin da yake ƙonawa duk mako. Shi ne ya kamata ya zauna ya tara kuɗin fetur na rani guda, ya gwada da kuɗin sola, ya ga a rani nawa zai fanshe. Ban ruwan rana ba ya buƙatar batir, kada a cusa maka shi.

Idan lissafi ya yi, ranar saye ku tafi da satifiket ɗin ƙungiya, lambar harajinta, da wasiƙa mai sa hannun shugaba da sakatare cewa kayan don noma ne. Ku biya ta asusun ƙungiya, ba ta na wani mamba ba. Rasit ya ɗauki sunan shago da adireshinsa, sunan ƙungiya, sunan kowane inji da lambar jikinsa. Idan duk da haka an ɗora VAT, ku ce a rubuta lambar harajin shagon a jikin rasit ɗin, ku kai kwafi ofishin hukumar tara haraji ta ƙasa da ke Kano, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS, ku nemi bayani. Na asalin kuma ya zauna a hannun ma'aji.